Ƙwan da Ba a Juyawa

Ni 'yar fari ce, kuma duk wadda ta tashi a gida irin namu ta san abin da wannan ke nufi. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. Idan tana nemana sai ta ce "ke", idan tana ba wani labarina sai ta ce "waccan". Ana yaye ni aka kai ni gidan kakata ta wajen uba, can ƙarshen layinmu a Malumfashi, a can na yi wayo. Abin da na fi tunawa da Inna a shekarun nan shi ne aron rariya. Kusan kullum da hantsi sai ta yi sallama, ta gaishe da surukarta, ta ce ta zo aron rariya. Ina zaune a kan tabarma na zuba mata ido, ita kuwa ta kalli turmi, ta kalli kaji, ta kalli katanga, ta karɓi abin da ya kawo ta ta fita. Kakata takan yi tsaki ta ce, "Wannan yarinya, sai ka ce ba a yi mata kayan ɗaki ba."

Da na girma aka gaya mini sunan abin alkunya. Na ji, na kuma yarda, amma bai hana ni jin zafi ba duk ranar da aka rungumi ƙannena a gabana ana yi musu kirari.

Aure ya kawo ni Amurka. Muna zaune a Sterling, inda jiragen saman da ke tashi daga filin jirgi na Dulles ke wucewa ta kanmu har mun daina jin su. Maigidana yana aiki a ɗaya daga cikin manyan gine-ginen nan marasa taga da ake jibge kwamfutoci, ni kuma ina ɗakin gwajin jini na wani asibiti. 'Ya ɗaya Allah ya ba mu, na kuwa sa mata sunan Inna. Ba zan ɓoye ba, na yi ne don in ji abin da za ta ce. Da na kira waya na gaya mata, sai ta ce, "Allah ya raya," ta miƙa wa ƙanwata wayar. Tunda ba zan iya kama sunan mahaifiyata gatsau ba, sai nake ce wa yarinyar Mamana. Kun ga gida ke nan: uwata ba ta kiran sunana, ni ba na kiran sunan 'yata.

Ita 'yar tawa ce ta jawo mini ƙadangaru. Ta nemi kare aka ce ko kusa, ta nemi kyanwa aka ce babanta na da asma, sai ta dawo da hoton wani ƙadangare mai faɗin ciki, mai ƙayoyi a maƙogwaro kamar gemu. Na ce ni da na baro jangwada yana gyaɗa kai a kan kowace katanga kyauta, ni za a kai kanti in sayi ƙadangare? Na saya dai. Ba a yi nisa ba ta gaji da shi kamar yadda yara ke yi, hidimarsa ta dawo kaina. Ga mamakina sai na ga ina ɗokin dawowa daga aiki in sauka ɗakin ƙasa, wanda ke ƙarƙashin gidan, in ɗauko shi in ɗora a kafaɗa. Ba ya cizo, ba ya gudu, sai ya lafe ya lumshe ido. Daga baya na samo masa mace. Idan ya gan ta sai gemunsa ya yi baƙi ƙirin ya hau gyaɗa kai, ita kuma ta ɗaga hannu ɗaya ta juya a hankali kamar mai cewa na ji, ya isa.

A haka na koyi ƙyanƙyasa. Macen takan tona rami a cikin danshin yashi ta zuba ƙwai wajen ashirin, farare, masu laushi kamar fata, kowanne bai fi kan babban yatsa ba. Tana rufe ramin ta gama da su, ko waiwaye ba ta yi. Sai ni in tono su da cokali, in jera a roba mai wata irin ƙasa mara nauyi da aka jiƙa, in sa a akwatin ƙyanƙyasa mai riƙe ɗumi da danshi. Doka ɗaya ce ba a wasa da ita: yadda ka tarar da ƙwan haka za ka ajiye shi. Ɗan yana manne ne a saman ɓawon daga ciki, idan aka juya ƙwan sai gwaiduwar ta danne shi ya mutu. Shi ya sa nake ɗiga wa kowanne alamar fensir a ka, in san sama.

Shekarar da nake ba ku labari, yanar ido ta rufe wa Inna ido ɗaya, muka yi mata takardu ta zo a yi mata aiki, a kan za ta zauna daga bazara zuwa lokacin komawar yara makaranta. Na yi fenti, na sayi sabon bargo, na cika firji. A raina kuma ina wani lissafi da ban gaya wa kowa ba. Nan babu surukai, babu maƙwabta masu leƙen katanga, babu wanda za a ji kunya a gabansa. Ta tsufa, ni ma furfura ta fara fito mini, kuma Allah kaɗai ya san ko za ta sake hawa jirgi. Na ce idan har akwai wani abu da ta ajiye mini a zuci, to wannan karon zan gan shi.

A filin jirgi na durƙusa na gaishe ta. Ta ce, "Kun zo?" tana kallon akwatinta. Sai ta hango 'yata a bayana, fuskarta ta buɗe gaba ɗaya.

"Takwara, ke ce kika zama haka? Zo nan, ja'ira."

Ta rungume ta a tsakiyar mutane, tana shafa mata kai. Ni na tura keken kaya.

Haka aka ci gaba. Yarinyar da na yi shekaru ina roƙonta ta amsa mini da Hausa tana mayar mini da Turanci, sai ga ta cikin 'yan makonni tana "sannu da hutawa, Takwara", tana "wallahi ba ni ba ce". Inna ta zo da ƙullin kuka da daddawa da wata tsohuwar rariya, ta zaunar da ita a kicin tana koya mata tankaɗe. Da yamma ta kwantar da kanta a cinya ta yi mata kitso, tana tsokanarta wai gashinta kamar na masara, mijin da zai kwashe ta ya shiga uku. Su yi ta dariya. Idan na shigo da tire sai dariyar ta tsaya, Inna ta gyara mayafi ta ce, "Ajiye can."

Kishi nake yi, kishi na sosai, da 'yar da na haifa da cikina. Ina tsaye a bakin ƙofa da kayan aiki a jikina, mace mai shekara arba'in da ɗoriya, ina jin kamar in janye yarinyar nan daga cinyar in sa kaina. Har ƙirga lomar da ake ba ta a baki nake yi. Abin ya zame mini ƙadangaren bakin tulu: in yi magana a ce ba ni da kunya, in yi shiru ciki ya yi ta cina. Na gwada gaya wa maigidana, ya ce, "Haba, ai murna ya kamata ki yi, yarinya ta samu Hausa." Na ce masa ya ci abincinsa.

Ranar da 'yata ta ja Inna ɗakin ƙasa ta nuna mata ƙadangarun, ina biye da su. Ta daɗe tana kallon akwatunan gilashin da fitilun da ke kansu. Da ta ji cewa gyaren da suke ci ma saye ake yi, har a kawo shi a kwali bakin ƙofa, sai ta riƙe haɓa.

"Takwara, gaya wa waccan, idan kiwo take so a sayo mata kaji. Ƙadangare ko romo ba ya yi."

Ina nan tsaye, taku biyu tsakaninmu, amma sai an aiko mini da saƙo. Ta ce ita da ɗakin nan har abada, ta hau sama tana dafa bango.

Bayan an yi mata aikin ido da ɗan lokaci macen ta zuba ƙwai, masu yawa har roba ɗaya ba ta ɗauke su ba. Na cika babbar, ragowar 'yan kaɗan na sa a wata ƙarama mai murfi mai tauri, na tura ta can ƙasan akwatin. Lokacin kuma an rage mana ma'aikata, ina fita da sassafe ba na dawowa sai magariba. Wata rana muna cin tuwo na ce wa maigidana ina tsoron ƙwan nan, ba na samun lokacin duba su, kuma na ƙwallafa rai a kansu. Inna tana gefe tana gutsura wa takwararta nama. Ko ɗaga kai ba ta yi ba.

Da farko komai lafiya. Idan na haska ƙwai da 'yar tocila sai ya yi ja, ga jijiyoyi sirara sun bazu a ciki. Sai wani mako na ga biyu sun yi rawaya sun motse. Na ce ƙaddara, a kowane zubi ana samu. Mako na gaba wasu suka bi, har da furfurar ruɓa a jikinsu. Na duba ɗumi daidai, na duba danshi daidai. Sai da na sunkuya sosai na lura da abin da ya kamata in gani tun farko. Alamun fensir ɗina ba sa sama. Wani a gefe, wani ya nutse cikin ƙasa.

Na hau sama a fusace na tarar da 'yata a falo. Da Turanci na sauke mata kwandon faɗa, don da Turanci muke faɗa ni da ita. Ta rantse ba ta taɓa ba, ta ce ita ta san doka, ba ita ta fara karanta mini ba? Ban saurara ba. Gaskiya ba ƙwai kaɗai nake yi wa faɗan ba. Ta fashe da kuka ta ruga ɗakin Inna, na ji muryar Inna tana cewa, "Wa ya taɓa mini takwara? Share hawayenki, rabu da masu zafin kai." Ba ta ji ko kalma ɗaya daga abin da muka ce ba, ba ta kuma tambaya ba. Ta dai zaɓi ɓangare.

Bayan kwana biyu na'urarmu ta wurin aiki ta lalace aka sallame mu da azahar. Yarinya tana wajen karatun hutu, maigida yana aiki. Na shigo na ga takalman Inna a saman matattakalar ɗakin ƙasa.

Na sauka a hankali. Tana zaune a kan kujerata, da baƙin tabaran da likita ya ba ta, ta buɗe akwatin ta ɗora babbar robar a cinya. Tana ɗaukar ƙwai ɗaya da yatsu biyu, ta ce bismillahi, ta juya shi, ta mayar, ta ɗan danna ƙasar gefensa. Ta ɗauki na gaba. Ban taɓa ganin hannun nan yana yi wa wani abu nawa a hankali haka ba.

"Inna, me kike yi?"

Ta ɗan firgita, amma ba ta juyo ba. Robar ta yi wa magana.

"Na ga ba uwa a kansu. Kaza ma da bakinta take juya nata kullum, in ba haka ba su kwanta a gefe ɗaya su lalace. Wannan akwati ba shi da baki. An ce kuma ba a samun lokaci."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da aka faɗa."

Na gaya mata ƙwan ƙadangare ba ƙwan kaza ba ne, juyin nan shi ke kashe su. Na nuna mata masu rawayar, na ce duk waɗannan hannunta ne. Ta cire tabarau ta kalle su da sabon idonta. Da na tsaya a nan da an wuce wurin. Amma abin da na haɗiye tun ina kan tabarmar kakata ya taso mini, na ji bakina yana cewa:

"Ƙwan ƙadangare kika ga ba uwa a kansa, Inna? Ni wa ya juya ni?"

Ban taɓa yi mata magana irin wannan ba, ban kuma taɓa jin wata 'yar gidanmu ta yi wa uwarta ba. Ta rufe robar, ta miƙe ta ajiye a kan kujera, ta hau sama. Ban bi ta ba. Na zauna a ƙasa ina tsince ruɓaɓɓun, ina kuka kamar wadda aka yi wa mutuwa.

Babbar robar duk ta tafi, ko ɗaya bai tsira ba. Ƙaramar ce ta rage, don yatsun Inna masu ciwon sanyi sun kasa ɓalle murfinta. Na ba 'yata haƙuri, ta ce ba komai, da Hausa ma, Hausar da ba ni na koya mata ba. Da asuba na je na durƙusa na ce Inna ta yafe mini. Ta ce, "Allah ya yafe mana," tana jan carbi. Daga nan gidan ya yi tsit. Kitso bai tsaya ba, tankaɗe bai tsaya ba, amma dariyar ta ragu, ni kuma na koma ganin ranar tafiyarta tana matsowa alhali na ɓata ɗan abin da ke tsakaninmu. Na ce shi ke nan, na nemi ƙari na rasa uwar kuɗi.

Ana saura 'yan kwanaki ta tafi, ranar wata Asabar da hantsi, na ga ƙwan ƙaramar robar sun fara gumi sun ɗan lotsa. Wannan karon lotsawar alheri ce. Kafin azahar ɗaya ya tsage, wani ɗan kai ya leƙo, ido a rufe. Na kira 'yata, ta zo ta gani, ta ruga ta jawo Inna duk da tsohuwar tana cewa a ƙyale ta. Sai wayar yarinyar ta yi ƙara, ƙawarta ce, ta haye sama tana ba ta labari. Aka bar mu mu biyu a gaban akwatin.

Ɗan ƙadangare ba ya gaggawar fitowa. Yakan fito da kai ya tsaya a haka, wani lokaci har washegari, yana shanye ragowar gwaiduwar. Inna ta ga ya daɗe bai motsa ba, sai ta miƙa hannu za ta ɓare masa ɓawon, yadda ake taimaka wa ɗan tsakon da ya maƙale. Na riƙe mata hannu.

"A bar shi, Inna. Da kansa zai fito."

Sai da na faɗa na lura da abin da na riƙe. Hannun ya bushe, ba nauyi, ga zanen tsohon lalle a farce. Na jira ta zame. Ba ta zame ba. Ba ta kuma kalle ni ba, ɗan ƙadangaren ta tsura wa ido, shi ta yi wa magana.

"Ashe kai ma irin waɗanda ba a taɓawa ne. To, ba komai. Ana dai zuwa a leƙa, a ga ko ka ci, ko an yi maka wanka, ko tarin nan ya sake ka." Sannan ta ƙara da cewa, "Rariya kam ina da ita. Har sabuwa dal akwai a cikin kayan ɗakina, ban taɓa sa mata gari ba."

Ba ni aka yi wa magana ba. Na dai ci gaba da riƙe hannun, muna kallon ɗan abin nan yana numfashi, har muka ji takun yarinya a matattakala. Sai Inna ta janye hannunta ta gyara mayafi, ta ce, "Takwara, zo ki ga wannan mummunan, kamarku ɗaya."

Ba ta kira sunana ba har ta tafi. A filin jirgi takwararta ta rungume, ita ta yi wa addu'a mai tsawo har da tofi, ni kuwa na samu "Allah ya kiyaye hanya" ana kallon tayar akwati. Ƙarya nake yi idan na ce ban ji kishin ba. Na ji shi, har yau ma idan suna hira a waya ina wanke-wanke nakan ƙara ƙarfin famfo.

Da muka dawo gida na shiga kicin na ga tsohuwar rariyarta a rataye a jikin ƙusa, kusa da taga. Na ce wa 'yata kakarta ta yi mantuwa, sai mun samu mai tafiya.

"Ba mantuwa ba ce," in ji ta. "Cewa ta yi in gaya wa waccan ta ajiye mata, wai za ta zo aro."

Tana nan a jikin ƙusar. Ina da wata ta ƙarfe da na saya a nan, da ita nake tankaɗe.